Filibus Gosse, Mai Kiwon Kifi Cikin Gilashi

A ƙasarmu ta Gwarzo da Kabo ba wanda bai san kifi ba. Da damina yara su kan kama shi a kududdufi, masunta su kan kawo karfasa da tarwaɗa daga dam ɗin Guzuguzu da na Magaga, wani ma ya kan jefa 'yar tarwaɗa cikin rijiyarsa domin ta riƙa cinye tsutsa. Amma kifin da muka sani, ko yana kan tire, ko yana cikin miya. Kaɗan ne a cikinmu suka taɓa zama suka dubi kifi da ransa, yana kai da kawowa cikin ciyawarsa, yana kiwo, yana gyaran wurin ƙwansa. Haka mutanen Ingila su ke har wajen shekara ta 1850. Wanda ya buɗe musu ido wani mai bi ne, sunansa Filibus Henri Gosse, a kan faɗi sunan Gos. Ta bakinsa ne sunan akwariyam ya bazu, wato akwatin gilashin nan da a ke kiwon kifi da ciyawar ruwa a ciki. Labarinsa za mu bayar a wannan wata.

An haife shi ran 6 ga Afril, 1810, a garin Worcester, amma a Poole ya girma, wani gari na bakin teku a kudancin Ingila. Ubansa Toma mai zanen fuskokin mutane ne, gama a zamanin nan ba a ƙago na'urar ɗaukar hoto ba tukuna. Ya kan bi gari gari yana neman wanda zai ba shi aiki, sau da yawa kuwa abin da ya ke kawowa ba ya isa. Uwarsa Hannatu ita ce ta riƙe gida. Yaron ya gaji hannun zane wurin ubansa, gwaggonsa Susan Bell kuma ta koya masa duban ƙananan halittu. Karatunsa na makaranta bai yi nisa ba. Yana da shekara 15 ya shiga aikin akawu, a 1827 kuwa ya ƙetare teku zuwa Carbonear a tsibirin Newfoundland, ƙasar sanyi da hazo, inda ya yi shekara 8 yana riƙe da littafin lissafi a ofishin waɗansu 'yan kasuwar kifi.

A 1832 abu biyu suka same shi waɗanda suka bi shi har kabari. A wurin gwanjo ya sayi wani tsohon littafi a kan madubin nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa, daga nan ya shiga tara ƙwarin tsibirin yana zana su ɗaya ɗaya, aikin da ba wanda ya taɓa yi a wurin. Cikin shekarar nan kuma takarda ta zo masa cewa 'yar'uwarsa Alisabatu tana kwance rai a hannun Allah. Tsoro ya kama shi, ya yi addu'a irin wadda bai saba yi ba, ya shiga jirgi zuwa gida, ya tarar ta sami sauƙi. Ya ba da kansa ga Ubangiji, da ya koma kuwa ya haɗa kai da masu bi na Metodis. Tun daga lokacin bai taɓa raba abu biyun nan ba. A wurinsa, wanda ya ke duban fiffiken fara da kyau yana karanta aikin hannun Wanda ya ba mu Littafi ne.

A 1835 ya bar aikin akawu ya tafi Compton a Kanada domin ya yi noma. Shekara 3 ya yi, gona ba ta karɓe shi ba. Ba abin mamaki ba ne, gama manomin da ya ke ajiye fartanya ya bi malam-buɗe-littafi, rumbunsa ba ya cika. Maƙwabtansa ma kallon taɓaɓɓe su ke yi masa. A 1838 ya gangara kudu zuwa Alabama a Amurka, ya yi wata 8 yana koyar da 'ya'yan masu gonakin auduga. A can ya ga bauta da idonsa, ya ga bulala, ya ga yadda a ke farautar bawan da ya gudu da karnuka. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, masu yin wannan su ne su ke cika ɗakin sujada ran Lahadi. Bai iya zama ba. A 1839 ya komo Ingila, aljihu wofi.

A Landan ya sha yunwa sosai, har ya kan wuni da abin da bai wuce kwabo 8 ba. Dukiyarsa ɗaya ce, wani littafi da ya rubuta da hannu a kan dabbobi da ƙwarin Kanada. Ɗan gwaggonsa, Toma Bell, wanda ya riga ya yi suna cikin masana, ya kai shi wurin wani mai buga littattafai, John Van Voorst. Mutumin ya saye shi fam 105, ya buga a 1840. Ɗansa ya ba da labari daga baya cewa, sa'ad da Gosse ya ji kuɗin, kuka ya fashe da shi. Ya buɗe 'yar makaranta a unguwar Hackney, wajen 1843 kuma ya soma taruwa da wata ƙaramar ƙungiya ta masu bi da a ke kira 'Yan'uwa, waɗanda ba su da fasto mai albashi, su kan taru kowace Lahadi su karya gurasa.

A 1844 ya tafi Jamaika, ya yi wata 18 yana tara tsuntsaye da ƙwari da tsire-tsire. Shekara 6 ke nan da 'yantar da bayin tsibirin sarai. Wani saurayi baƙar fata, Sama'ila Campbell, shi ne ya zama hannunsa na dama, wani masani ɗan ƙasar kuma, Richard Hill, ya ba shi abin da ya tara na sani, Gosse kuwa bai ɓoye sunansu ba cikin littattafansa. Littafinsa na tsuntsayen Jamaika, na 1847, ya sa masana suka san da shi. A 1848 ya auri Emily Bowes, 'yar ƙungiyarsu, mace mai ilimi, mai rubuta ƙananan takardun bishara. Ran 21 ga Satumba, 1849, ta haifi ɗansu tilo, Edmund. A littafin da Gosse ya ke rubuta abin da ya faru kowace rana, labarin haihuwar da labarin wani tsuntsu da aka aiko masa daga Jamaika a jere ya sa su. Wannan ya isa a gane irin mutumin.

Yawan aiki da zaman ɗaki suka kwantar da shi, ciwon kai da ciwon ciki suka hana shi rubutu, aka ba shi shawara ya bar hayaƙin Landan. A farkon 1852 ya kwashi iyalinsa zuwa bakin teku a lardin Devon. Mai karatu wanda bai taɓa ganin teku ba, sai ya sani ruwansa ya kan janye sau biyu kowace rana, ya bar ruwa kwance cikin kwarmin duwatsu, kamar yadda ruwan sama ya kan kwanta a kan fā bayan an ɗauke. Cikin waɗannan 'yan tafkuna Gosse ya tarar da wata duniya: ƙaguwa, da jatan lande, da ƙananan kifi, da wata halitta mai kama da fure, ja da kore da fari, wadda in ka taɓa ta sai ta tsuke, gama dabba ce. Ya kan shiga ruwa har ƙugu da guduma da kurfi, ya ɓamɓaro su tare da dutsensu, ya kai gida domin ya zana. Amma kwana biyu ko uku sai ruwan ya yi wari, su mutu.

Ba shi ne ya fara cin karo da wannan ba. Mutanen Sin sun daɗe suna kiwon jan kifinsu cikin kasko, amma sai an riƙa sake ruwa. Wata mace a Landan, Anna Thynne, ta rayar da halittun teku tun daga 1846, da farko ta wurin sa 'yar aikin gidanta ta riƙa sheƙa ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan kowace rana, kamar mai fifita kunu. Dalili kuwa shi ne, kifi ma numfashi ya ke yi. Akwai iska narke cikin ruwa, wadda masana ke kira oksijin, ita ya ke ja ta ƙarƙashin kunnuwansa, ya fitar da gurɓatacciya. Tun a 1771 Yusufu Priestley ya nuna cewa reshen na'ana'a ya kan gyara iskar da kyandir ya ɓata cikin rufaffen gilashi, a 1779 kuma wani likita, Ingenhousz, ya gano cewa ganye ba ya yin wannan aiki sai da haske. Abin da ya rage shi ne wani ya haɗa kifi da ciyawa wuri ɗaya ya gani.

Wanda ya yi wannan da tsari shi ne Robert Warington, masanin haɗa magani a Landan, da ruwan daɗi kuwa ya yi, ba na teku ba. Ya kamata mu tsaya a kan gwajinsa, gama dukan abin da aka gina daga baya a kansa ya ke. A watan Mayu na 1849 ya ɗauki wani babban tulun gilashi mai cin wajen galan 12, ya zuba yashi da laka a gindinsa, ya jera 'yan duwatsu, ya zuba ruwa zuwa rabi. Ya dasa wata ciyawar ruwa mai dogon ganye siriri, sunanta Vallisneria, ya saki ƙananan jajayen kifi 2, ya rufe bakin da ƙyalle mai shara-shara sabo da toka da ƙurar birni. Da fari kome lafiya. Sa'an nan tsofaffin ganyaye suka soma ruɓa, ruwa ya gurɓace, gansakuka ta rufe gilashi da saman ruwa, ciyawar ta soma yaushi, kifi suka shiga wahala. Wani da sai ya zubar ya sake sabo. Warington ya tsaya ya tambayi kansa, a tafki wa ya ke share irin wannan ƙazanta? Sai ya kawo dodon koɗi na tafki 5 ko 6 ya zuba. Suka bi gilashi suna lashe gansakuka, suka cinye ruɓaɓɓen ganye, ruwa ya washe. Ciyawa ta yi 'ya'ya ta cika wurin, dodon koɗi suka yi ƙwai, kifi suka riƙa cin ƙwan. Kifi yana ciyar da ciyawa da numfashinsa da kashinsa, ciyawa tana ba kifi iska, dodon koɗi yana shara yana kuma ba da abinci, ba mai zaman banza a cikinsu. A watan Maris na 1850 ya karanta labarin gwajin a gaban ƙungiyar masana kimiyyar haɗe-haɗe ta Landan.

Gosse ya bi wannan hanya da ruwan teku da ciyawar teku, ya ci nasara, shi da Warington kuma suka san juna, ba su yi jayayya a kan wa ya riga wani ba. Amma Warington ga masana ya yi magana, Gosse kuwa ya iya magana da kowa. A watan Mayu na 1853 gidan dabbobi na Landan ya buɗe Ɗakin Kifi, na fari a duniya inda talaka zai biya ya shiga ya ga ƙarƙashin ruwa ta gilashi. Gosse ya zauna a Weymouth yana shiga kwalekwale da masunta, yana aika musu da halittu ta jirgin ƙasa. A 1854 ya fitar da littafinsa mai suna The Aquarium, da hotuna masu launi waɗanda ya zana da hannunsa, ya bayyana yadda za a haɗa akwatin, da abin da za a zuba, har da yadda mutumin da ke nesa da teku zai haɗa ruwan teku da gishiri iri 4. Lokaci kuma ya taimake shi, gama an soke harajin gilashi a 1845, gilashi ya yi araha. Kafin a ce me, abin ya zama yayi. Kowane gida mai hali yana son akwatinsa a falo, aka buɗe kantuna a Landan ba su sayar da kome sai kifi da ciyawa da ruwan teku. A 1856 aka zaɓe shi cikin Royal Society, babbar majalisar masanan Ingila, shi da ya bar makaranta yana da shekara 15.

Yawancin waɗanda suka bi yayin, kifinsu ya mutu, domin sun karanta littafin amma ba su ɗauki halin mai littafin ba. Gargaɗinsa a fili ya ke: a fara da ciyawa, a ba ta lokaci ta kama, kada a cika halittu, a tsame abin da ya mutu nan da nan, kada a bar rana ta yi yawa. Mutum kuwa in ya sayi akwati da safe, so ya ke kafin azahar ya cika shi da kifi ya kira maƙwabta.

Tun da ya ke waɗansu malaman makarantunmu za su so su gwada domin yara, bari mu faɗi yadda abin ya ke da ruwan daɗi irin namu, tare da abin da aka gano bayan zamanin Gosse. Mazubi mai faɗin baki ya fi dogo mai ƙaramin baki, gama yanzu an sani yawancin iskar da kifi ya ke sha ta saman ruwa ta ke shiga, ciyawa kuma da dare ba ta ba da iska, ita ma ja ta ke yi. Shi ya sa in kifi sun yi yawa, da asuba a kan gan su a sama suna haki. A wanke yashin rafi har ruwansa ya fita fari, a shimfiɗa kamar inci 2, a dasa ciyawa mai saiwa da yawa tun ran fari. Kainuwa tana da amfani, tana shanye ƙazanta, amma a riƙa rage ta, kada ta rufe saman ruwan. A ajiye inda haske ya ke, ba inda rana ta ke duka ba. In ruwan famfo ne, a bar shi ya kwana biyu a buɗe tukuna.

Sa'an nan sai jira, nan ne kuwa a ke faɗuwa. Kashin kifi da numfashinsa suna fitar da wani dafi, amoniya, shi ne warin nan mai hawa ka na wurin da dabbobi suka daɗe suna fitsari. Akwai waɗansu ƙwayoyi da ido ba ya gani, masu zama jikin yashi da duwatsu, su ne su kan juya dafin nan ya zama taki wanda ciyawa za ta sha. A sabon akwati ba su da yawa, sai sun yi mako 4 zuwa 6 suna haihuwa kafin su isa aikin. Manomi ya san wannan: ɗanyen taki ƙona shuka ya ke yi, sai ya kwana a juji. Gosse da Warington ba su san ƙwayoyin nan ba. Abin sha'awa, ɗan Warington ne, shi ma Robert, ya yi shekaru a gonar gwaji ta Rothamsted yana binciken yadda amoniya ke zama taki cikin ƙasa, ya nuna aikin hawa biyu ne, kafin wani masani mai suna Winogradsky ya ware ƙwayoyin a 1890. Sabo da haka a fara da ƙananan kifi 2 ko 3, a ƙara kaɗan kaɗan bayan makonni. Tarwaɗa ba ta zaman lafiya da kowa, za ta haɗiye na ƙasa da ita ta tone yashi. Karfasa kuma ta kan girma ta tumɓuke ciyawa ta cinye. Ƙananan kifin kududdufi waɗanda ba su wuce ɗan yatsa ba sun fi. Abinci kaɗan, abin da za su cinye nan take. Kowane mako a ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a zuba sabo.

Abu ɗaya ne ba za mu kwaikwayi Warington a kansa ba ido rufe, shi ne dodon koɗi. Na tafkunan Ingila ba ya ɗauke da tsargiya, na kududdufanmu da madatsun ruwanmu kuwa waɗansunsu su ne gidan tsutsar da ke kawo fitsarin jini. Tsutsar ta kan fito daga jikinsa ta yi iyo, ta huda fatar wanda ya tsoma hannu ko ƙafa. Kada malami ya tura yara cikin kududdufi neman ciyawa, kada kuma a ɗebo dodon koɗi daga can a sa inda yara za su taɓa. A duba ciyawar da kyau a cire duk wanda ya maƙale. Tsutsar ba ta wuce kwana biyu da rai in ba ta sami mutum ba, sabo da haka ruwan da ya yi kwana biyu ba dodon koɗi a ciki ya kuɓuta. Gansakuka kuwa, tsumma ya isa ya goge ta.

Mu koma ga Gosse. Yana tsakiyar ɗaukaka sai baƙin ciki ya shigo gidansa. Emily ta kamu da ciwon daji a mama. Wani likita daga Amurka ya yi ta sa mata wani magani mai ƙuna wata da watanni, ta sha azaba, bai yi amfani ba, ɗanta mai shekara 7 yana zaune kusa da ita yana yi mata karatu. Ta rasu a watan Fabrairu na 1857. Cikin shekarar nan Gosse ya ɗauki yaron ya koma ƙauyen St Marychurch kusa da Torquay, cikin shekarar nan kuma ya buga littafin da ya zubar masa da daraja.

Ga abin da ya dame shi. Masu binciken duwatsu suna tono ƙasusuwan dabbobin da babu irinsu yanzu, suna nuna cewa duniya ta daɗe ƙwarai fiye da shekara 6,000 da mutane da yawa suka lissafta daga Littafin Farawa. Gosse masani ne, ba ya iya musun abin da ido ya gani. Mai bi ne kuma, ba ya iya sakin abin da ya fahimta daga Littafi. Sai ya yi tsammani ya sami mafita. Ya sa wa littafin suna Omphalos, wato cibiya da Helenanci. Hujjarsa ita ce, Adamu ba a haife shi ba, amma lalle an halicce shi da cibiya, alamar haihuwar da ba ta faru ba. Itatuwan Adnin kuma an halicce su da zoben shekaru cikin gangar jikinsu. Haka nan duwatsu, an halicce su da ƙasusuwa a ciki, alamar zamanin da bai taɓa kasancewa ba. Ya zaci masana da masu bi duka za su gode masa. Masana suka yi dariya, masu bi suka juya baya. Abokinsa Charles Kingsley, wanda shi ma fasto ne mai son halittun teku, ya rubuta masa cewa ba zai iya gaskata Allah ya rubuta ƙarya a kan duwatsu domin ya ruɗi 'yan adam ba. Littafin bai sayu ba, ragowarsa aka sayar a matsayin takardar banza. Bayan shekara 2, a 1859, littafin Darwin ya fito, maganar ta wuce Gosse.

A ganina Kingsley ne da gaskiya. Gosse bai yi nufin kiran Allah maƙaryaci ba, ya kuwa yi ƙoƙari ya nuna ba haka ya ke nufi ba. Amma muddin yana durƙushe bakin ruwa yana faɗin abin da ya gani, ba wanda ya kama shi da kuskure mai yawa, har Darwin ma ya kan rubuto masa yana tambaya. Ran da ya tashi domin ya kāre Allah da dabararsa, ran nan ƙafarsa ta zame. Ya kamata kuma a tuna, mutum ne wanda matarsa ba ta daɗe da rasuwa ba.

Bai zauna yana kuka ba. Ya gama babban littafinsa a kan furannin nan na teku a 1860, masana suna ambatonsa har yanzu. A ƙarshen shekarar ya auri Eliza Brightwen, ta riƙe yaron da alheri. Ya ɗauki nauyin 'yar ekklesiyar ƙauyen, yawancinsu talakawa ne da ba su yi karatu ba, yana yi musu wa'azi, yana ziyarar marasa lafiya, ba albashi, har wajen shekara 30. Ya yi kiwon furanni, ya koma ga madubinsa, a 1886 kuma shi da wani masani, Hudson, suka fitar da babban littafi a kan waɗansu halittu na ruwan tafki waɗanda ɗigon ruwa ɗaya ya kan ɗauki da yawansu.

Sauran maganar ɗansa. Emily tana bakin mutuwa ta danƙa yaron ga ubansa domin Ubangiji, Gosse kuwa ya riƙe alkawarin da hannu biyu. Aka yi wa Edmund baftisma yana da shekara 10, aka zaunar da shi cikin manya. Da ya tafi Landan aiki yana saurayi, wasiƙun ubansa suka bi shi, kusan kowace tana tambayar lafiyar ruhunsa, har yaron ya gaji. Ya bar bangaskiyar ubansa, ya zama sanannen marubuci, a 1907 kuma ya buga littafi mai suna Father and Son, wato uba da ɗa, inda ya nuna uban a kan mutum mai ƙauna amma mai tsanani wanda ya toshe masa numfashi. Yawancin Turawa ta wannan littafi suka san Gosse. A 2002 wata marubuciya, Ann Thwaite, ta bi wasiƙun gidan da takardunsu, ta nuna Edmund ya ƙara gishiri a wurare da yawa, gidan yana da wasa da dariya da baƙi fiye da yadda ya faɗa, uba da ɗa kuma ba su yanke zumunci ba. Duk da haka wasiƙun suna nan. Mu da mu ke renon 'ya'ya a gidajen fastoci da dattawan ekklesiya mun san wannan jaraba. Mutumin da ya koya wa Ingila cewa ba a tumɓuke ciyawa kowace safiya a duba ko ta yi saiwa, bai iya yi wa ɗansa wannan haƙuri ba.

Wani baƙin cikin kuma daga littafinsa na akwariyam ya fito. Dubban mutane suka sauka bakin tekun Devon da guduma da bokiti, 'yan kasuwa suka bi su suna kwasa domin kantunan Landan. Tafkunan duwatsun nan da ya tarar cike a 1852, ya rayu ya ga an ƙwaƙule su. Edmund ya shaida cewa ubansa ya san littattafansa ne suka jawo wannan, abin kuwa ya dame shi ƙwarai.

Ya daɗe yana sa zuciya ba zai ɗanɗana mutuwa ba, Ubangiji zai dawo yana da rai. Da ya tsufa ya sami madubin duban taurari. A ƙarshen 1887, wani dare mai sanyi, ya tsaya bakin taga a buɗe yana duban sama, sanyi ya kama ƙirjinsa, bai ƙara samun lafiya sosai ba. Ya rasu a gidansa na St Marychurch ran 23 ga Agusta, 1888, yana da shekara 78, aka binne shi a Torquay.